Tunkiyar Jikan Baba Nomau

Tun da na dawo daga Nijar ban yi ɗinki cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Sabi'u, yaya ƙasar Faransa?" sai ka ce jirgi na hau. Wasu kuma tambayarsu ɗaya ce, wai da gaske ne mijin ƙanwata ɗan Maguzawa ne. Na gaji da ba kowa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na haɗa labarin wuri guda. Wanda bai gamsu ba, hanyar Kaita tana nan, ba a naɗe ta ba.

Malam Habu, mijin ƙanwata Rabi, shi ne mai koyar da manyan ɗalibai a Islamiyyar unguwarmu. Asalinsa mutumin wani ɗan ƙauye ne gaba da Gidan Amumune, cikin ƙasar Mayahi. Yana saurayi ya kama salla, ya zo Katsina neman karatu, ya zauna. Mahaifinsa, Baba Nomau, bai kama ba, yana nan kan abin da ya gada. Mu a nan Maguzawa muke cewa, su a can Azna suke cewa.

Shekarun baya tsohon ya aiko wa Habu buhun gero bayan kaka. Lokacin karatu yana da zafi a kan Habu, ya ce bai san abin da aka yanka wa geron nan ba kafin a ɗebo shi daga rumbu, ya sa direban da ya kawo shi ya maida. Mai hankali ya san ba a maida hannun kyauta baya, balle na uba. Tun daga ranar ba saƙo, ba gaisuwa.

Da Rabi ta haifi namiji, bayan an yi suna, sai ƙanen tsohon, Baba Jatau, ya bugo waya. Ya ce al'adar gidansu, ɗan fari namiji na kowane ɗa ana ba shi tunkiya daga garken gida, kuma uban yaron ne yake zuwa ya karɓi igiya da hannunsa. Tsoho ya ce an ɗaure tunkiya. In Habu bai zo ba, ko ya zo ya saki igiyar, to a daina kiran sunansa a gidan. Inda gizo yake saƙar shi ne, wajen miƙa igiyar mai gida yana sa albarka, yana kiran sunayen iskokin gidan su bi dabbar su tsare yaron. Habu kuwa ya ce zai je, amma in ya ji an kira wani wanda ba Allah ba a kan ɗansa, a nan zai saki igiya.

Rabi ta zo har shago da goyo. Ta ce, "Yaya, ka san halinsa. Ka bi shi. Ba na son yaron nan ya tashi ba dangin uba." Ni ba malami ba ne, tela ne, kuma ban ga abin da zan tsinana ba. Amma ƙanwa mai jego ba a musu da ita. Na ɗinka wa tsohon riga da wando na farar shadda, na auna da jikin Habu na rage kafaɗa, muka kama hanya.

Daga Katsina muka bi ta Kaita zuwa Dankama. A bakin iyaka na ga abin da ya ba ni dariya. Ni da ban taɓa taka ƙasar ba, na miƙa takarduna, jami'in ya duba, ya yi mini sannu da zuwa da Hausa mai daɗi. Habu ɗan ƙasa kuwa, da aka yi masa tambaya da Faransanci sai ya tsaya yana kallon mutumin, don lakkol ɗin da ya yi a ƙauye, wato bokonsu, tuni ta bi ruwa. Jami'in ya juya harshe ya ce masa, "Malam, kai ɗan nan na, ko ko aron takardu ka yi?" A wajen duwan, wato kwastan ɗinsu, aka buɗe jakarmu aka ga shadda, aka tambaya ko ta sayarwa ce. Na ce ta uba ce. Mutumin ya shafa wuyan rigar ya ce ɗinkin ya yi, ya ninke ta da kyau fiye da yadda na ninke. A ƙarƙashinta ne na hango sabuwar darduma da carbi, waɗanda ban san Habu ya sa ba. Na bar maganar, don ba a wurin ya kamata a yi ta ba.

Motar da ta ɗauke mu zuwa Gazawa ta girme ni. Direban yana tsayawa sayen isansi a kwalba, abin da mu muke kira fetur, kuma kowace tsayawa sai an tura. Kusa da ni wata dattijuwa ce da zabi a kwando, ta tambaye ni ina za ni, wa zan gani, me na kai masa, matana nawa. Kafin mu hau kwalta, wadda suke kira gudro, ta san ni fiye da maƙwabcina. Habu dai yana jan carbinsa yana kallon gonakin wake.

A Tasawa muka sauka gidan Malam Issufu, wanda ya fara ɗora Habu a karatu kafin ya taho Katsina. Dattijo ne siriri mai yawan barkwanci, yana da zaure mai faɗi inda baƙi suke kwana a kan tabarmi. Aka kawo mana fura da nono a ƙwarya. Zan faɗi gaskiya ko da 'yan unguwa za su ji haushi, furarsu ta fi tamu. Gero kuma ba sa ce masa gero, hatsi suke cewa, sai ka ce sauran abin da ake nomawa ciyawa ne. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, na ci na ji a dasashina. Shayi kuma a ɗan ƙaramin kofi, baƙi ƙirin, ana zuba shi daga sama har ya yi kumfa, in ka shanye na farko ka ce ka gode sai a ce ai yanzu aka fara.

Bayan la'asar muna zaune sai ga wata mata ba lulluɓi irin namu, ta yi sallama ta ajiye kwano a bakin zaure. Malam ya ce matar maƙwabcinsa ce, makanike, Kiristoci ne daga ƙasashen bakin teku, sun daɗe a garin. Ya buɗe, soyayyar doya ce da yaji. Ya ce bismilla, ya kai hannu. Na kai nawa. Habu ya tsaya yana duban kwanon. Sai da muka cinye sannan Malam ya kira cikin gida ya ce kada a maida kwano wofi, a zuba musu dambu.

Daga nan Habu ya buɗe bakinsa ya faɗi abin da ya kawo mu, har da zancen buhun gero. Malam ya saurara yana sakace.

"Habu, wa ya karantar da kai maida kyautar uba? Ba ni ba dai."

"Malam, tsoro na ji."

"Tsoro abu na mai kyau, amma a san inda za a aje shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, sarakunan da ba Musulmi ba sun aiko mishi da kyauta, ya amsa. Wata sahabiya uwatta ta zo mata tana kan addinin gado, ta tambaya ko ta sada zumunci da ita, aka ce ta sada. Allah bai hana mu kyautata ma wanda bai yaƙe mu ba, balle wanda ya haihe ka."

Habu ya ce to ina iyaka. Malam ya ce iyaka tana nan, kuma ba ta da wuyar gani. In aka ba ka giya, ko naman da aka yanka wa wani abu ba Allah ba, ka ce ka gode, addininka ya hana, ba tare da ka yatsina fuska ba. Kai ma kada ka ba su abin da za su yi bautarsu da shi. Ya ce shi kansa maƙwabcin nan in ranar bikinsu ta zo ya aiko da cincin, yana karɓa, ko da yake ya san akwai malaman da ba su so hakan ba, kuma bai ce sun yi kuskure ba. Naman layya ma, ya ce, a mazhabarmu akwai waɗanda suka ƙi a ba wanda ba Musulmi ba, shi ya sa shi yakan sayi nama daban ya aika, kowa ya huta. "Amma tunkiya mai rai, tana tahiya da ƙahwahunta, mi ta yi maka?"

"Ba tunkiyar ba ce, Malam. Abin da zai faɗa a kanta ne."

"Bakinshi nashi na, naka naka na. In ya ce Allah, ka ce amin. In ya wuce nan, ka kame bakinka, zuciyakka ta ƙi. In kun keɓe ka hwaɗa mishi cikin ladabi. Amma kada ka saki igiya gaban jama'a."

Habu ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ji, amma bai san ko hannunsa zai ji ba. Na san shi, ba taurin kai yake yi ba, abin yana cin sa da gaske. Ni kuma da na ga hanya ta buɗe sai na tona zancen darduma da carbi. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce, "Wanga ba kyauta ba ta, hannunka mai sanda na. Kai da ka maida mishi hatsi, za ka dawo mishi da huɗuba cikin jaka?" Ya ce ranar da tsohon ya nema da bakinsa, a kai masa har da buta. Dardumar dai a zauren muka bar ta, baƙin Malam sun samu.

Washegari muka hau wata buɗaɗɗiyar mota zuwa Mayahi, a kan buhunan wake. A tasha na ci tuwon hatsi da miyar kuka a rumfar wata mata da ta ƙi yarda ni Bakatsine ne, wai Hausata ta yi laushi, ta Kano ce. Na ji zafin maganar fiye da yajin miyarta. Wata motar ta kai mu Gidan Amumune, daga nan kuma sai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa. Hanyar rairayi ce zalla. Mai babur ɗina ya ce in riƙe shi da kyau, na ga ni babba ne ba zan rungumi ƙato ba, na riƙe ƙarfen baya. Ba mu yi nisa ba tayar gaba ta nutse, muka kwanta. Ba wanda ya ji ciwo sai wandona, wanda ya yage tun daga gwiwa har sama. Ga ni tela, ba allura ba zare. Haka na shiga ƙauyen surukan ƙanwata ina tafiya a karkace, ina jan riga ƙasa.

Ƙauyen ba shi da girma. Akwai ɗan masallaci na ƙasa a bakin gari, don yawancin mutanen yanzu suna salla, gidaje kaɗan ne suka rage a kan gado. Baba Jatau ya tarye mu, dogon mutum mai tsage a kumatu. Ya riƙe hannun Habu ya daɗe bai saki ba, sannan ya dube ni ya dubi wandona, ya ce wa matan gida a nemo allura.

Baba Nomau yana zaune a kan buzu a inuwar rumbu. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi fari-fari, sai mutum ya matso yake gane shi. Habu ya cire takalmi ya durƙusa. Suka yi gaisuwa irin ta mutanen da suka rabu jiya, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa ya tsaya muku bana. Ba wanda ya ta da tsohon zance. Aka kawo ruwa da fura, Habu ya sha, na ga tsohon ya karkata kunne yana sauraron haɗiyarsa. Da aka kawo tuwo da naman kaza, Baba Jatau ya ce, kamar da bango yake magana, limamin gari ne ya yanka. Habu ya ci, amma kaɗan.

Muka miƙa rigar. Tsohon ya shafa ta da tafin hannu tun daga wuya har ƙasa, ya tambaya wa ya ɗinka. Aka ce baƙon nan ne, wan matar Habu. Ya ce, "Mai yagaggen wando?" Ashe labari ya riga ni isa. Aka yi dariya, ya sa aka zura masa rigar a kan tsohuwar tagguwarsa. Ta yi masa yawa, duk da ragin da na yi, kuma abin ya sosa mini rai fiye da yadda na zata.

Da rana ta yi sanyi aka taru a tsakar gida, maza a gaba, mata a bakin ɗakuna. Baba Jatau ya jawo tunkiya, fara mai baƙin kai, da ciki. Aka ta da tsohon tsaye, aka sa masa igiya a hannu. Habu ya durƙusa a gabansa ya kama ɗaya bakin igiyar. Ni ina tsaye a bayansa, inda Rabi za ta so in tsaya, ko da yake ban san abin da zan yi ba in ya saki. Ina kallon yatsunsa, da biyu kawai ya riƙe.

Tsohon ya tambayi sunan yaron. Habu ya ce Abdullahi. Ya maimaita sunan a hankali, ya gyara murya.

"Ga rabon Audu cikin garken gidanmu. Ta haihu mishi, ta cika mishi gari. Allah shi raya shi. Allah shi ba shi lahiya, shi san uwa, shi san uba."

Ya ja numfashi, ya ɗaga kai sama kaɗan. Na ga matan sun sunkuyar da kai, Baba Jatau ya buɗe tafin hannunsa, kowa ya san sunayen iskokin gida ne suke biye. Bakin tsohon ya motsa. Ya daɗe a haka, har tunkiyar ta ja igiya tana neman ciyawa. Sai ya rufe bakinsa, ya laluba ya kamo hannun Habu, ya cusa masa sauran igiyar ya danne yatsunsa a kai.

Ya ce, "Shi ke nan."

Wata tsohuwa daga bakin ɗaki ta ce, "Nomau, ba ka ida ba."

Ya ce, "Na ida."

Habu ya ce amin, muryarsa ba ta fita sosai ba, ya sake cewa amin. Bai tashi ba sai da Baba Jatau ya taɓa kafaɗarsa. Mutane suka watse ba hayaniya, wasu ko sallama ba su yi ba. Ni dai daɗi na ji, na ce a raina aikin da aka aiko ni ya yi kansa, tsoho ya manta ko ya yi kara, duk ɗaya.

Da safe aka ɗaure tunkiya a kan babur, Habu ya koma ciki yin bankwana. Baba Jatau ya raka ni har bakin masallaci. Na ce masa mun gode, abin ya zo da sauƙi. Ya tsaya ya dube ni.

"Sauƙi? Baƙo, ba ka san abin da ka gani ba. Tun kakanninmu dabba ba ta taɓa hita gidan ga ba rakiya. Mu wurinmu, yaron da ba a kira mishi na gida ba, ba su san da shi ba, ba su tsaron shi, in ya girma ba ya da wurin zama cikinmu. Nomau ya kwan biyu bai ci abinci ba kan zancen ga. Shi ad da yaƙinin jikanshi na hwari ya bar shi a fili, ba kowa bayanshi."

Na ce ai yana da Allah.

Ya ce, "Haka shi ma ya ce. Ya ce tun da ɗanshi ya amince da Shi haka, to Shi riƙa."

Ban faɗa wa Habu maganar Baba Jatau ba sai da muka baro Mayahi, muna bayan mota, tunkiya tana kwance a tsakaninmu. Ya saurara har na gama bai dube ni ba. Can ya buga rufin motar ya ce direba ya tsaya. Na ɗauka alwala zai yi. Ya sauka, ya miƙo mini igiyar, ya ce in kai wa Rabi, in ce mata yana nan tafe bayan kwana biyu, akwai rufin ɗakin tsoho da ya ga yana yoyo. Ya tsallaka hanya ya tsaya a gefen da motocin Mayahi suke bi, ni kuma na taho da tunkiya ni kaɗai.